Abin da sabar mai nauyi ta koya mini game da RAM

Akwai wani irin nauyi da sabar ke yi mai rikita sabon ma'aikaci. Ba ta mutu ba, tana amsawa, amma komai sai an jira. Ka buga umarni, haruffan su ɗan yi turjiya kafin su fito a allo. Ka leƙa furosesa, ka tarar kusan hutunta take yi, ga ma'aunin lodi, wato yawan ayyukan da ke gudana ko jiran layi, kuma ya yi sama. Masu amfani da sabar kuwa tuni sun yanke hukunci, wai netwok ne. Sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. A Linux, ma'aunin lodi yana ƙirga har da ayyukan da suka maƙale suna jiran faifai, waɗanda umarnin top, mai jero ayyukan da ke gudana, ke nuna su da harafin D. Da zarar na ga sun yi layi, RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura, nake fara tuhuma.

Abin da ya fi yi mini amfani a wannan aiki shi ne daina tambayar ko RAM ya cika. Ai kullum a cike yake. Linux ba ya barin ƙwaƙwalwa ta zauna a banza, duk inda ya samu sarari sai ya ajiye kwafin fayilolin da aka karanta, in wata manhaja ta buƙaci wurin ya sakar mata. Don haka in ka buga umarnin free, ganin ƙaramar lamba a ƙarƙashin kalmar free ba abin tayar da hankali ba ne, layin available ne abin dubawa, wanda aka shigo da shi a kanel (wato zuciyar Linux) 3.14 a shekarar 2014. Haka ma ganin gigabayit biyu a cikin swap, wato wurin da aka ware a faifai don karɓar abin da RAM ya kasa riƙewa. Wannan labarin jiya ne. Mai yiwuwa tun makon da ya wuce aka kwashe wasu shafukan ƙwaƙwalwa da ba mai taɓa su aka zuba can, kuma gara su zauna can ɗin.

Motsi ake nema. Ina buga vmstat 1, in tsallake layin farko domin matsakaici ne tun daga lokacin da aka kunna na'urar, in zuba ido kan ginshiƙai biyu masu suna si da so. Na farko abin da ake dawo da shi daga faifai ne, na biyu abin da ake fitarwa. In so ya ɗan motsa ya koma sifili, kanel ne ke gyaran ɗaki. In kuwa su biyun suna zuba dubbai kowane daƙiƙa, layi bayan layi, ga ginshiƙin wa, mai nuna lokacin da furosesa ke jiran faifai, yana hawa, to an kama bakin zaren: abin da aka fitar yanzu shi ake nema an jima.

Dalilin da ya sa abin ke yin muni haka lissafi ne kawai. Ana raba ƙwaƙwalwa shafi-shafi, yawanci kilobayit 4 kowanne. Ɗauko abu daga RAM na cin kimanin nanosakan 100, daga faifai mai juyawa kuwa kimanin milisakan 10. Ninki dubu ɗari ke nan. SSD ya rage tazarar sosai, amma har yanzu ana maganar ninki ɗaruruwa zuwa dubu. Tun 1968 Peter Denning ya yi bayanin cewa kowace manhaja tana da tarin shafukan da take juyawa a kansu a ɗan lokaci, in RAM ya ɗauke su lafiya lau, in ya gaza ko da kaɗan ne sai na'ura ta koma jigila maimakon aiki. Kamar magatakarda ne mai ƙaramin tebur: muddin takardun da yake aiki da su sun samu wuri a gabansa, ba ruwansa da girman sito, amma ranar da suka fi ƙarfin teburin, a hanyar sito zai wuni. Shi ya sa sabar ba ta yin nauyi a hankali. Jiya garau, yau ta durƙushe, alhali ɗan abin da aka ƙara mata bai taka kara ya karya ba.

A nan ne wani zai ce a kashe swap kowa ya huta. Ban yarda da wannan shawara ba, sai in akwai dalili na musamman. In an kashe shi, kanel ba ya daina neman wuri, sai dai ya koma kan abin da ya rage masa: kwafin fayiloli, har da lambobin manhajojin da ke gudana. Ya jefar, ya sake karantowa, ya sake jefarwa. Jigilar tana nan, sai dai yanzu si da so suna nuna sifili, ka rasa ta inda za ka kama, sai ka buga sar -B ka ga majflt/s, wato yawan shafukan da sai an koma faifai a ɗauko su a daƙiƙa, ya yi tsalle. Ƙarshenta OOM killer, sashen kanel da ke kashe manhaja in ƙwaƙwalwa ta ƙare, ya zaɓi wata manhaja ya kashe, kuma yawanci mafi cin ƙwaƙwalwa yake zaɓa, wadda sau tari ita ce rumbun bayanan da aka kafa sabar dominsa. Shaidar tana cikin dmesg, kundin saƙonnin kanel. Rage swappiness, saitin da ke faɗa wa kanel yadda zai karkata ga swap, daga 60 da yake zuwa da shi yakan taimaka, amma ba ya haifar da RAM ɗin da babu.

Tun kanel 4.20 na ƙarshen 2018 aiki ya yi sauƙi, albarkacin ma'aunin da injiniyoyin Facebook suka kawo. Fayil ɗin /proc/pressure/memory yana faɗin kason lokacin da aka ɓata ana jiran ƙwaƙwalwa a daƙiƙa 10, 60 da 300 da suka wuce. Layin some na nufin wasu ayyuka sun tsaya, full na nufin duk masu son aiki sun tsaya cik. A kan wannan nake ɗora ƙararrawa yanzu, ba kan cikar RAM ba.

Sai neman mai laifi. Wani lokaci manhaja ce ke yoyo, tana karɓar ƙwaƙwalwa ba ta mayarwa, za ka ga RSS ɗinta, wato adadin RAM da take riƙe da shi, na hawa kullum ba sauka. Amma wanda na fi cin karo da shi saiti ne na ɗan Adam. A rumbun bayanai na PostgreSQL, work_mem, saitin ƙwaƙwalwar da ake ba aikin tambaya, yana zuwa da megabayit 4, wani ya ga tambayoyi na jan ƙafa ya mayar da shi 64, ya manta cewa kowace haɗuwa da rumbun ce ke iya ɗibar wannan, har sau da yawa a tambaya guda. Haɗuwa 200 kaɗai ta kai kusan gigabayit 13. Java kuma ba ta jituwa da swap ko kaɗan, domin mai share mata shara yana bin ƙwaƙwalwar lungu-lungu, duk shafin da aka kai faifai sai ya janyo shi.

Matsin da ake sha a lokacin shi ne a kashe a kunna, kuma gaskiya yana aiki, na ɗan lokaci. Kafin in yarda nakan kwafi abin da vmstat ya nuna, jerin manhajoji bisa yawan RSS, layin VmSwap na manyansu, mai nuna abin da kowacce ke da shi a swap, da wutsiyar dmesg, domin kunnawa tana tafiya da shaida. In kuma sabar ta gizo ce, tana zaune a cikin wata babbar na'ura tare da wasu, duk waɗannan za su iya fitowa fes amma nauyin na nan, saboda babbar ce ke kai shafukanka faifai ba tare da kanel ɗinka ya sani ba. A nan sai ka nemi mai kula da ita ya buɗe maka nasa alƙaluman.