Godiya Bayan Tattakin Dartmoor

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Alhamdu lillahi, an kammala tattakin Asabar a tuddan Dartmoor da ke kudu maso yammacin Ingila, kowa ya koma gida da ƙafarsa. A madadin masu shiryawa, muna godiya ga duk wanda ya fito, da direbobin da suka yi sammako, da iyayenmu mata da suka ciko fulas da shayi mai citta. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga masu tsaron baya. Tsarin shi ne mutum ɗaya a gaba riƙe da taswirar yankin Dartmoor mai lamba OL28 da kamfas, biyu a ƙarshen layi, kuma a ƙirga mutane duk inda aka tsaya. Amfaninsa ya fito ne da aka wuce Haytor, dutsen nan mai tsayin mita 457, hazo ya sauko. Filin babu itace babu gida, sai gajerun ciyayi da duwatsu masu kama da juna, ga sawun tumaki da ido ke ɗauka hanyar mutane ce. Da ba su tsayar da na gaba har layi ya haɗe ba, da ayari ya rabu biyu. Waya kuwa ba abin dogaro ba ce a can: sabis na ɗaukewa a kwari, sanyi na shanye batir.

Mun gode wa malaminmu da ya yi bayani a tsohon ramin fasa dutse na Haytor. Layin dogon da George Templer, mai ramin a lokacin, ya buɗe a 1820 yana nan kwance cikin ciyawa, kuma ba ƙarfe ba ne. Dutse ne aka sassaƙa, aka bar masa tudu a gefe don ya tare ƙafar amalanke. Da dawakai ake kai duwatsun zuwa mashigin ruwa na Stover da aka haƙa don jiragen dako, wasu duwatsun har suka shiga ginin gadar Landan da aka buɗe a 1831. Yanzu ruwa ya taru a ramin, don haka sannu da ƙoƙari ga iyayen da ba su saki hannun yara a bakinsa ba.

Gangaren rafin Becka ne ya fi wahalar da jama'a. Kambas mai sumul ɗin ƙasa ba ya kama jiƙaƙƙen dutse, sai takalmi mai tsaga-tsaga da ya rufe idon sawu. Wandon jins idan ya jiƙe ba ya bushewa, iska ta yi ta zuƙe ɗumin jiki ta cikinsa. A tafiya ta gaba kowa ya riƙo lita 1.5 na sha, na alwala a wata gorar daban.

Sai batun kaska, don tana da yawa a wurin kiwo irin wannan. A duba bayan gwiwa, ƙugu da hammata, yara kuma har bayan kunne. Idan an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe. Kada a ƙona ta, kada a shafa mata mai. Wanda ya ga jan tabo yana faɗi a wurin cizon cikin makonnin nan, ko zazzaɓi ya kama shi, ya ga likita saboda cutar Lyme da kaska ke yaɗawa.