Tibin ƙashi: ciwon bayan da ake ɗora wa sanyin Jos

A Jos duk wanda bayansa ya riƙe, sanyi ake fara zargi. Dattijo ya ce hunturu ne, mai Keke Napep ya ce gargadar hanya ce, manomin dankali ya ce duƙe-duƙen gona ne, kuma galibinsu gaskiya suka faɗa. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan da ƙwayar tarin fuka, wato tibi, ce ke cin ƙashinsu sannu a hankali. Su ne ake kawowa asibiti a makare, wani da doro, wani ranga-ranga ƙafafu sun daina ɗaukarsa.

Sunan cutar ne ke ruɗar mutane: an ce tarin fuka, ga shi mutum ko gyaran murya ba ya yi. Ta huhu ƙwayar ke shiga, ta bi jini ta je ta lafe a ƙashi, wani lokaci shekaru, sai garkuwar jiki ta yi rauni sannan ta farka. Shi ya sa kusan rabin masu tibin ƙashi hoton ƙirjinsu ba ya nuna ciwo mai ci, kaki ma ba ya nuna komai. Kusan rabin wannan nau'in a ƙashin baya yake sauka, musamman daga tsakiyar baya zuwa saman ƙugu. Likitan Ingila Percivall Pott ne ya siffanta shi a 1779, har yau da sunansa ake kiran ciwon. Bayan ƙashin baya sai gaɓar ƙugu, sai gwiwa, kuma yawanci gaɓa ɗaya tak yake kamawa.

Tambaya ce matakin farko. Ciwon gajiya yana lafawa idan an huta, wannan kuwa ba ya ƙyale mutum ko a kwance, ya fi tsananta da dare, kuma ya kwashe watanni yana gaba. A tambayi rama, zazzaɓin yamma da gumin dare, sai dai rashinsu ba ya wanke mutum. A tambayi ko wani a gidan ya yi doguwar jinyar tari, ko mai ciwon ya yi aikin haƙar ma'adinai, don ƙurar dutse na lalata huhu ta buɗe wa tibi ƙofa. Yaro kuwa ɗingishi yake farawa ba tare da ya faɗi ba, ya riƙa farkawa da ihu cikin dare, domin barci na sassauta tsokar da ke kare gaɓar. A jefa masa tsabar kuɗi a ƙasa: maimakon ya sunkuya, sai ya tsuguna da bayansa a sanƙare.

A bi tsakiyar bayan da yatsa ana neman wurin da ke zafi ko ɗan tudun da ya turo. A duba matsematsi da kuiɓi, domin mugunya na gangarowa ta cikin tsoka daga baya ta taru a saman cinya, har a ɗauka ƙaba ce. Ƙurjin tibi ba ya zafi, ba ya ja. Kada a kai shi ga wanzami ya tsaga, kada maɗori ya murza bayan. Tsagar na barin rami mai tsiyaya da ba ya warkewa, wasu ƙwayoyin cuta su shiga su dagula duk gwajin da za a yi daga baya. Idan ƙafafu sun fara nauyi ko fitsari ya fara gagara, laka ce ta matsu, kuma a ranar ake neman likitan ƙashi.

Hoton ƙashi na yau da kullum yana da amfani, amma makararre ne. Sai kamar kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙarfin ƙashin ya zube kafin a ga komai, don haka hoto mai kyau a watannin farko ba hujja ba ce. Idan ya nuna, za a ga tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa biyu ta ƙuntace, gabansu ya rushe, da inuwar ƙurji a gefe. A ƙugu ko gwiwa kuwa ƙashin da ke kewaye da gaɓar ya yi shara-shara, gefunansa sun zaizaye, gaɓar na ƙuntacewa a hankali. Hoton MRI ya fi shi nesa ba kusa ba: yana ganin kumburin ɓargo tun da wuri, da girman ƙurjin, da yadda lakar ta matsu. Yana da tsada, to idan an biya a roƙi a leƙa bayan gaba ɗaya, domin cutar kan tsallake ƙasusuwa ta ɓulla a wani wurin.

Gwajin jini na ESR da CRP, masu auna kumburi a jiki, kan hau, amma kowane kumburi na hawar da su; amfaninsu shi ne a ga ko suna sauka bayan an fara magani. Gwajin fata na Mantoux digo 0.1 na mililita ne a cikin fatar hannu, a karanta bayan awa 48 zuwa 72, a auna taurin wurin ba jansa ba. Taurin milimita 10 ake ɗauka a matsayin alamar ƙwayar, ko 5 ga mai HIV. A ƙasar da ake yi wa jarirai rigakafin tibi na BCG kuma mutane da yawa ke ɗauke da ƙwayar a kwance, wannan gwaji ba ya yanke hukunci ta kowane ɓangare. Gwajin HIV da na sukari dole ne.

Hujja ta gaske daga wurin ciwon take fitowa, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Ana zuƙo mugunya da allura ta lafiyayyar fata, da jagorancin na'urar sikanin, ko a gutsuro ɗan ƙashi ko fatar cikin gaɓa. Audugar da aka goga a bakin rami mai tsiyaya ba ta da amfani, ƙwayoyin fata kawai take kwasowa. Abin da aka ciro a raba shi tun a ɗakin tiyata. Kashi ɗaya a zuba cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ninki goma na girmansa, don a yanka a duba a madubin likita ko akwai dunƙulen ƙwayoyin jiki mai mataccen tsakiya kamar cuku. Sauran a sa a tsabtatacciyar kwalba da ɗan ruwan gishirin asibiti, don GeneXpert, na'urar gano ƙwayar tibi, da renon ƙwayar, wato a bar ta ta hayayyafa a ɗakin gwaji har a gane ta. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a jefa duka cikin fomalin: ya kashe ƙwayar, ba sauran reno, an rasa sanin maganin da zai ci ta, ga mara lafiya ya sha allura ya biya kuɗi. Idan ba za a gwada a ranar ba, a ajiye a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8.

Ƙwayar ba ta da yawa a ƙashi, shi ya sa rinin da ake yi wa kaki yawanci ba ya kama ta. GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana ba da amsa cikin kamar awa 2, ta kuma faɗi ko ƙwayar ta fi ƙarfin rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi. Reno a ruwa kan ɗauki mako 1 zuwa 3, a daskararren abincin ƙwaya mako 4 zuwa 8. A tambayi abin da aka saya a kemis, domin ciprofloxacin da levofloxacin na danne ƙwayar tibi su sa reno ya fito wayam.

Wajenmu akwai masu kama da shi da dole a cire. Mai sikila ƙashinsa na ruɓewa da wasu ƙwayoyin, kan ƙugunsa kuma na mutuwa don rashin jini. Makiyayi, mahauci da mai shan madarar da ba a tafasa ba na iya ɗaukar burusela, cutar da ake kamuwa da ita daga dabbobi, wadda ita ma baya take kamawa, kuma maganinta daban. Ga wanda ya haura 50 a tuna da sankarar mama ko ta furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da ta bazu, wadda galibi ke cin ƙashi ta bar guringuntsin tsakani.

Wani lokaci duk gwajin ba ya kama komai, alhali tarihi da hoto na nuna tibi. Likita na iya fara magani bisa hukuncinsa, amma bayan an ɗauki samfurin, kuma da sharaɗin bibiya. A tsarin Najeriya wata 12 ne: wata 2 na magunguna huɗu, wata 10 na biyu, kyauta a cibiyoyin maganin tibi da ake kira DOTS. Idan an yi wata biyu ciwo bai ragu ba, nauyi bai ƙaru ba, ESR bai sauka ba, a sake ɗaukar samfuri a nemi ƙwaya mai bijire wa magani ko wata cutar daban.