Asabar, ranar da na gama Project Hail Mary

Yau da hantsi na gama Project Hail Mary na Andy Weir. Jiya da dare saura babi kaɗan barci ya sace ni, da na tashi kuwa ko wayata ban duba ba sai da na ga ƙarshensa. Tun 2021 littafin ya fito, jama'a sun karanta sun gama surutunsu, ni sai yanzu. Ai ba tsere ake yi ba.

Zan tona wasu abubuwa na cikin labarin, wanda bai karanta ba ya yi ta kansa. Wani mutum ne mai suna Ryland Grace ya farka a cikin kumbo, bai san sunansa ba, bai san abin da ya kawo shi ba, ga gawarwakin abokan tafiyarsa biyu a kusa da shi. A hankali tunani ke dawo masa: ashe malamin kimiyya ne a makarantar yara, kuma wata ƙwayar halitta da aka raɗa wa suna Astrophage ce take zuƙe hasken rana, in ba a yi maganinta ba sanyi da yunwa za su ƙare 'yan Adam. Shi ne aka turo shi tauraron Tau Ceti, inda haske ma sai ya yi kusan shekara 12 yana gudu kafin ya isa, domin shi wannan tauraron bai dusashe ba alhali maƙwabtansa duk sun dusashe.

Duk wannan bai taɓa zuciyata ba sai da Rocky ya shigo. Rocky baƙo ne daga wata duniya, shi ma matsalar da ta kawo Grace ita ta kawo shi. Ƙafafunsa biyar, jikinsa kamar dutse, ba shi da ido ko ɗaya, da sauti yake gane abin da ke kewaye da shi, maganarsa kuma amon kiɗa ce. Iskar da yake rayuwa a cikinta ta amoniya ce mai tsananin zafi, wadda za ta kashe mutum nan take, shi ma tamu iskar ajalinsa ce. Saboda haka abotarsu ta bayan bango ce. Mutanen su Rocky sun iya ƙira fiye da mu nesa ba kusa ba, amma ba su san akwai wani tururi mai kisa da ke yawo a sararin samaniya ba, shi ya kashe duk abokan tafiyarsa ya bar shi shi kaɗai shekara da shekaru. A wurinsu cin abinci a gaban wani abin kunya ne. Barci kuma ba a yinsa sai da mai gadi, don in suka kwanta ba sa iya motsi ko da wuta ce ta tashi. Wurin da Rocky ya roƙi Grace ya zauna ya tsare shi ya yi barci, nan na ajiye littafin na ɗan zagaya ɗaki. Halittar da ba ta da fuska ce ta sa ni ƙwalla.

To amma mutanen littafin fa? Nan gizo ke saƙa. Grace barkwanci ɗaya yake maimaitawa daga farko har ƙarshe: matsala ta taso, ya firgita, ya yi lissafi, ya yi ihun murna, wata ta sake tasowa. Eva Stratt, matar da ƙasashen duniya suka danƙa wa wuƙa da nama don ta ceto bil'adama, ta isa a ce an rubuta littafi guda a kanta, amma umarni kawai take bayarwa, ba mu taɓa shiga zuciyarta ba sai a wani ɗan wuri can wajen ƙarshe. Sauran masanan kuwa kowa da tutar ƙasarsa a goshi. Da an ce Barashe ka san abin da zai biyo baya.

Da rana na kira ƙanena, don shi ya ba ni aron littafin kuma ya dame ni da tambayar ko na gama. Da na faɗa masa ra'ayina sai ya ce, "Yaya, ke dai ba kya son lissafi ne, shi ya sa." Na ce masa lissafin bai dame ni ba, na ma ji daɗin wurin da Grace ya yi ta sakin abu yana faɗuwa yana auna lokaci, har ya gano cewa nauyin wurin ya fi na duniya, wato ba a doron ƙasa yake ba. Abin da nake tambaya shi ne, me ya sa baƙon ya fi mutanen zama mutum? Ya ce ai ba don mutane ake karanta irin wannan littafi ba, don dabara ake karantawa. Na ce to me ya sa da muka fara hira Rocky ya fara ambata, bai ambaci Astrophage ba? Sai ya yi dariya ya ce zai kira ni anjima. Har yanzu ina jira.

Bayan mun rabu na jawo littattafan da na karanta a 'yan watannin nan na zuba a gabana, sai na ga ashe ciwon ba na Weir kaɗai ba ne. Children of Time na Adrian Tchaikovsky, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci kyautar Arthur C. Clarke a 2016, shi ne babban misali. Wata masaniya, Avrana Kern, ta shirya wata duniya don ta zuba birai tare da wata ƙwaya da za ta hanzarta musu wayo. Biran ba su isa da rai ba, ƙwayar ta faɗa kan gizo-gizo. Daga nan littafin ya rabu biyu: babi ɗaya na gizo-gizon da ke gina al'ummarsu zuriya bayan zuriya, babi ɗaya na ragowar 'yan Adam da ke tafe a cikin wani katon kumbo mai suna Gilgamesh suna neman wurin zama.

Wallahi duk lokacin da na juya shafi na ga babin mutane ne sai gabana ya faɗi. Rigima ce kawai, wannan ya ƙwace mulki, wancan ya yi tawaye, a sa mutum barcin shekaru a tashe shi ya tarar da wata sabuwar rigimar. Amma ɓangaren gizo-gizon, kai! Suna magana ta hanyar kaɗa zaren saƙarsu da motsin gaɓoɓin bakinsu. Abin da uwa ta koya yana iya shiga jinin 'ya'yanta, har ilimi ya zama kayan ciniki tsakanin garuruwa. Sun yi yaƙi da tururuwa, daga baya suka mallake ta da sinadarin ƙamshi har suka mai da gidan tururuwa ya zama musu kwamfuta. Mata ne masu mulki, namiji kuwa ba a bakin komai yake ba, ana iya cinye shi bayan saduwa ba mai tambaya. Da wani namiji mai suna Fabian ya tashi yana neman a daina kashe maza, na sami kaina ina goyon bayan tautau da dukkan zuciyata, ni da ko a bango na gan shi sai na canza hanya.

Ina ganin na gane dalili. Marubucin da zai ƙirƙiro halittar da babu ita dole ya zauna ya tambayi kansa komai: yaya take ci, yaya take barci, me take tsoro, wa take kunya, in nata ya mutu me take yi. Ba inda zai je ya ara. Amma in ya zo kan mutum sai ya ɗauka ai mun riga mun san mutum, sai ya miƙa hannu ya ɗauko wanda aka saba gani, jarumi mai barkwanci ko shugaba mai taurin kai, ya manna masa suna. Kamar tela ne da ya ƙure basirarsa a kan aikin wuyan riga, ya bar ɗinkin jikin a hannun yaron shago.

Ko The Three-Body Problem na Liu Cixin, wanda fassararsa ta Ingilishi ta ci kyautar Hugo a 2015, haka na ji shi. In ka cire Ye Wenjie, wadda ta ga an kashe mahaifinta a gaban jama'a lokacin Juyin Al'adu na ƙasar Sin, sauran mutanen ba na iya tuna halin ko ɗaya sai ɗan sandan nan mai baƙar magana. Martha Wells kuwa wayo ta yi, ta bai wa na'urar tsaro bakin ba da labari a All Systems Red na 2017. Na'urar ta lalata abin da ake sarrafa ta da shi, ta sami 'yanci, maimakon ta yi ɓarna sai ta koma kallon fina-finai masu dogon zango, kuma ba ta ƙaunar a kalle ta ido cikin ido. Na san mutane da yawa masu wannan hali, har da mai wannan rubutu.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. N. K. Jemisin ta ci Hugo sau uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, da littattafai ukun da The Fifth Season ya buɗe, kuma ban ga abin mamaki a ciki ba. Duniyarta girgizar ƙasa ce ke tarwatsa ta lokaci bayan lokaci, akwai kuma mutanen da ke iya tayar da girgizar ko su kwantar da ita, waɗanda ake tsoro ake kuma bautarwa. Amma da me ta fara? Da uwa, Essun, wadda ta dawo gida ta tarar mijinta ya kashe ɗansu ƙarami don ya gano abin da yaron ya gada, ya kuma gudu da 'yarsu. Jemisin ta yi wa matar nan irin tambayoyin da su Weir ke yi wa baƙin halittu kaɗai. Ba ta da daɗin zama, tana da zafin rai, ta yi abubuwan da ban yafe mata ba har yau. Littafin ya gajiyar da ni, sai da na huta kafin na ɗauki na biyu, amma Essun ba ta bar ni ba.

Babel na R. F. Kuang, na 2022, na so in so shi fiye da yadda na so shi. Jami'ar Oxford ce a shekarun 1830, da sandunan azurfa masu sihiri da daular Ingila ke juya duniya da su, da ɗaliban da aka kwaso daga ƙasashen da ake mulka don su yi mata aiki. Tunanin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai marubuciyar ba ta yarda da mai karatu ba, abin da labari ya riga ya nuna sai ta sake faɗa, ta kuma bi shi da ƙarin bayani a ƙasan shafi. Na gaji da a riƙe mini hannu.

Da la'asar na fara Piranesi na Susanna Clarke, wanda ya fito a 2020. Siriri ne, kuma shi ma kundin yau da kullum ne, abin da ya ba ni dariya ganin abin da nake yi yanzu. Mai rubutun yana zaune a wani gida marar iyaka, zaure bayan zaure cike da gumaka, teku na shiga benen ƙasa, gajimare na yawo a na sama. A lissafinsa mutum 15 ne suka taɓa rayuwa a duniya: shi, da wani da yake haɗuwa da shi Talata da Juma'a, da ƙasusuwan matattu 13 da yake kula da su yana kai musu ziyara. Tun yanzu na fahimci wancan ɗayan cutarsa yake yi, shi kuwa bawan Allah bai gane ba, sai yabonsa yake yi a cikin kundin. Marubuciyar ba ta ce mini komai ba, ta bar ni na gano da kaina, ina karantawa ina jin kamar in shiga littafin in ja masa kunne.

Ƙanena ya turo saƙo ɗazu wai in ba shi Children of Time ya gani da idonsa, shi kuma zai kawo mini na biyunsa, Children of Ruin, wanda ya saya bai karanta ba don bai san akwai na farko ba. Wannan karon dabbar tekun nan mai hannu takwas ce za ta yi wayo. Na ce ya kawo, amma sai na gama da Piranesi tukuna.