Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Gonar Malam

Makon jiya na tsaya inda ni da Yaya muka yi wa Malam mubaya'a, a 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato. Sunan Malam dai ba zan faɗa ba, 'ya'yansa na raye.

Gidanmu a Ƙaura Namoda gidan Tijjaniyya ne. Baba ba ya fashin wazifa, hoton Shehu Ibrahim Inyass na rataye a zaure. Kawu kuwa ɗan Izala ne, kaset ɗin tafsirin Malam Abubakar Gumi bai bar rediyonsa ba ko bayan rasuwar malamin a 1992. Ba su taɓa haɗa baki ba sai a kan Malam ɗinmu, wanda ba ɗariƙa ba Izala, ya ce a mafarki aka ba shi wuridinsa. Baba ya ce, "Wa ya ba shi izini? Ina silsilarsa?" Kawu ya tuna mana da Maitatsine da abin da ya faru a 'Yan Awaki ta Kano a 1980. Muka toshe kunne.

Yaya ɗan tasha ne kafin nan, idonsa kullum ja. Malam bai yi masa wa'azi ba, buta kawai ya miƙa masa ya ce, "Kai za ka riƙa zuba mani ruwan alwala." Daga ranar ya bar shaye-shaye, da idona na gani. In an soma zikirin dare sai hawaye su jiƙa masa gemu.

Ni gona aka tura ni. Auduga da gyaɗa, daga asuba har la'asar, a kan kunu da dafaffen wake. In an kai kaya Gusau an sayar, ba mai tambayar kuɗin, wai hidima ce. Kullum muƙaddami na nanata mana cewa muridi a hannun shehinsa kamar gawa ne a hannun mai wanka.

Da aka aiko Inna na kwance, na durƙusa neman izini. Malam bai ɗago ba. "Uwarka ta gaskiya tana nan," ya nuna ƙirjinsa. Daren nan na rataya takalmina a wuya, na bi ta cikin dawa har bakin titi.

Na tarar da ita da rai, ta kuma tashi. Amma da na haɗu da 'yan'uwa muridan Malam a kasuwa na yi sallama, ba wanda ya amsa. Yaya na cikinsu.

Yanzu muna zumunci, muna cin tuwo kwano ɗaya. Bara na ce, "Yaya, ba ka ga an ci guminmu ba?"

Ya ce, "Kai gona ka gani. Ni in ba don wanga bawan Allah ba, da tuni kun rufe ni."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu: yadda aka aiko a raba aurena.