Gwanjon da farashi ke sauka

Jiya a ofishinmu nan Katsina na ga gwanjo ya juya baya. Wanda muka sani, masu saye ke ta ƙara kuɗi har a sallama. Wannan kuwa mu ne masu sayen, takarda da tawadar firinta muke nema, 'yan kasuwa huɗu suna ta rage farashi ta intanet, kowa na ganin mafi arha amma bai san na wa ba ne.

Alhajin da ya saba kawo mana shi kaɗai ya kira ni: "Malam, ai wannan kashe kasuwa ne!" Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin talakawa ne."

Saura mu buɗe kwalayen kafin a biya, don tawadar jabu ta taɓa lalata mana firinta.