Fararen Duwatsun Isandlwana

Na isa Isandlwana da hantsi, bayan tafiyar mota daga garin Dundee ta hanyar Nquthu, a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. Karkara ce sosai, shanu suna kiwo, gidaje a warwatse, sai wani dutse da ya miƙe shi kaɗai a tsakiyar fili. A gindinsa ne, ranar 22 ga Janairun 1879, mayaƙan Cetshwayo, Sarkin Zulu, kimanin 20,000, ƙarƙashin jagorancin Ntshingwayo, suka murƙushe sansanin sojojin Ingila, suka kashe musu mutum fiye da 1,300.

Abin da ido ke fara gani shi ne tsibin duwatsu fiye da 200 da aka shafa wa farin fenti, kowanne kabari ne na waɗanda suka mutu a ɓangaren Ingila, yawancinsu na mutum fiye da ɗaya. Gawawwakin sun yi watanni a yashe kafin a fara binne su, kuma sai a 1883 aka sake tattara ƙasusuwan aka gyara kaburburan. A nan na yi kuskurena na farko, domin na ɗauka inda tsibin suka fi yawa nan ne aka ja daga. Dattijon da ya yi mini jagora, ɗan yankin, ya ce mini in duba yadda suka jeru zuwa wuyan dutsen, suka gangara ta hanyar kogin Mzinyathi. Wannan jerin, in ji shi, sawun mutanen da ke ja da baya ne, alhali layin da suka fara harbi da bindigogin Martini-Henry yana can gaba da nisa. Alamar tana nuna inda mutum ya faɗi, ba ta nuna yadda yaƙin ya gudana, kuma ban gane dabarar Zulu ta ƙahonin ɓauna ba sai da muka hau tudun da ke arewa, na ga ta inda ƙirjin rundunar ya gangaro da ta inda ƙahonin biyu suka kewaye sansanin. Da zan koma, daga wannan tudun zan fara, da sassafe, da ruwan sha isasshe, domin babu inuwar kirki a filin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar wa ya kafa kowace alama, kuma yaushe. Rundunar Ingila ta 24 tana da hasumiyarta, wasu hafsoshi suna da duwatsu masu ɗauke da sunayensu. 'Yan Afirka da yawa da aka ɗebo daga Natal suka mutu a ɓangaren Turawa suna kwance a ƙarƙashin fararen duwatsun nan ba suna. Su kuwa Zulu, waɗanda suka yi nasara suka kuma rasa aƙalla mutum 1,000, sai a 1999, bayan shekara 120, aka kafa musu abin tunawa na tagulla mai siffar isiqu, sarƙar wuyan da ake ba jarumi. A ganina wannan jinkirin ma tarihi ne, ya kamata a karanta shi tare da rubutun da ke kan allunan.

Da na tambayi dattijon ina kaburburan Zulu, sai ya ce an zuba wasu a ramukan ajiyar hatsi da kwazazzabai, wasu an rufe su da garkuwoyinsu. Sannan ya kai ni gindin wata bishiya mai ƙaya, wadda ina ganinta na gane magaryar kura ce irin ta dajinmu. Ya ce a al'adarsu dangi kan zo da reshenta inda nasu ya mutu, su kira shi da suna, su koma da reshen gida suna yi masa magana a hanya, suna sanar da shi duk kogin da za a ƙetare. Babu allon da na karanta a ranar da ya gaya mini wannan, kuma kafin mu sauka na roƙe shi ya sake faɗa mini a hankali domin in rubuta.