Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da jirgin Yiwu ya tafi ya bar ni

Makon jiya mun tsaya a daren da na gama sayayyar mayafai da jakunkuna a Gwanzu, na miƙa wa mai kago kwali goma sha ɗaya. Saura kayan kicin na amare, waɗanda su ne ma suka kawo ni Caina, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce in ina son su da sauƙi sai garin Yiwu, a babbar kasuwar Futiyan. Watan Oktoba ne na 2017, zuwana na farko.

Hajiya Babba, wadda ta yi mini jagora tun daga Kano, ƙafarta ta kumbura, ta ce ba za ta iya wannan tafiyar ba. Ita ta raka ni wani ɗan shagon sayar da tikiti a unguwarmu ta Shawbe, wadda a allon tasha ake rubuta ta Xiaobei. Ba a sayar wa baƙo tikitin jirgin ƙasa a can sai da fasfo, a lokacin kuma sunanka da lambarka suna jikin takardar. Na biya sama da yuwan 600, aka ba ni 'yar takarda shuɗiya da ba ta kai tafin hannu ba.

"Ki fita da wuri, 'yata," in ji Hajiya. "Wannan ba motar Unguwa Uku ba ce da za a jira ta cika."

Na ji maganarta. Jirgina na tara da 'yan mintuna ne, bakwai da rabi ina waje.

A kwana shida da na yi a garin na ɗan saba da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Za ka sa jakarka a na'urar bincike, ka je wajen inji ka taɓa sunan tashar da za ka sauka, ka zura kuɗi, ya tofo maka wani ɗan kwabo na roba. Shi za ka ɗora a ƙofar shiga ta buɗe, in ka isa kuma ka jefa shi a ramin ƙofar fita. Tafiya mafi kusa yuwan 2 ce. Ana sanar da kowace tasha da harshe uku, Sinancin gwamnati da yaren mutanen Gwanzu da Turanci. Daga Shawbe a layi na 5, tasha ɗaya tak ce zuwa inda aka rubuta tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu. Kullum ina wucewa ta nan, har na riƙe ta, domin kusa da ita ne maƙabartar da Musulmin garin suke cewa a nan Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake kwance, mun ma je ziyara ranar Juma'a. A raina tashar jirgi ke nan, babu wata.

Na fito fili, ga jama'a kamar ranar hawan Arfa, kowa da buhunsa da bokitinsa. Na bi layi har na kai gaban ma'aikaciyar da ke duba tikiti. Ta karɓi fasfo, ta dubi takardar, ta girgiza kai. Ta sa farce a kan harafin ƙarshe na sunan tashar tana ta magana. Ni kuwa gabana ya faɗi, na zaci bizata ce ta sami matsala. Na koma wani layin, wai ko wancan zai bar ni. Minti ashirin na ɓata a nan, shi ma ya nuna mini wannan harafin.

Wata yarinya Basiniya mai lulluɓi ce ta matso ta yi mini sallama. Ta karɓi tikitin, ta nuna mini rubutun boko da ke ƙarƙashin na Sinanci: Guangzhounan. Ta rufe farkon kalmar da yatsa, ta bar "nan". Ta buɗe taswira a wayarta ta ja yatsa ƙasa, ƙasa, har ƙarshen layi na 2. Ashe "nan" a harshensu kudu ke nan. Gwanzu tana da tashar tsakiyar gari, da ta gabas, da ta arewa, da ta kudu, kuma jirgina mai gudun nan daga ta kudu yake tashi, can wajen gari a yankin Fanyu. Allah ya saka wa yarinyar nan, har bakin matakala ta kai ni tana ja mini akwati.

Tasha 15 ce tsakani. Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a tsaye, hannuna ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da carbi, idona a kan 'yar fitilar da ke tafiya a taswirar saman ƙofa. Fiye da rabin awa.

Tashar kudu, wadda aka buɗe a 2010, ta fi filayen jirgin sama da yawa girma. Daga ƙarƙashin ƙasa sai ka hau har bene na uku inda ake jira, a sake binciken kaya, sannan ka nemi ƙofarka a cikin ƙofofi barkatai. Da na iso tawa, lambar jirgina tana kan allo amma rubutun gefenta ya koma ja. Suna rufe shiga 'yan mintuna kafin tashi, kuma in sun rufe sun rufe. Na nuna agogo, na haɗa hannu ina roƙo. Ma'aikacin bai yi mini tsawa ba, bai kuma buɗe ba.

Na zauna a kan akwatina, hawaye suka zubo. Kuɗin nan na adashen mata tara ne da suka ba ni amana, kowane yuwan da lissafinsa a littafina. Ina ta maimaita innalillahi a fili ban sani ba.

"Mama, lafiya?"

Da Hausa. Na ɗago, wani saurayi ne siriri da jakar goyo, ɗan Damagaram, yana karatun injiniya a can, zai je wani gari wajen abokinsa. Na miƙa masa tikitin ban iya cewa komai ba. Ya ce, "Mama, share hawayenki, kuɗinki bai ƙone ba. In jirgi ya wuce mutum ana canza masa zuwa wani na wannan ranar, sau ɗaya, in dai akwai kujera." Ya kai ni tagar canji, ya yi musu Sinanci, aka karɓi tsohon aka buga sabo na bayan azahar. Na ɗebo kuɗi zan ba shi, ya ce wallahi ko uwarsa ce abin da zai yi ke nan. Kafin ya tafi ya rubuta mini Yiwu da harafinsu a bayan wata takarda, ya ce, "Ba nan jirgin zai ƙare ba, gaba zai wuce, kuma minti biyu ko uku yake tsayawa. Da kin ji an ce Jinhuwa, ki tashi ki tsaya bakin ƙofa da kayanki." Ya kuma gargaɗe ni kan taliyar kofi da ake sayarwa, ya ce yawanci da naman alade a ciki.

Na sami lungu na haɗa azahar da la'asar ƙasaru. Wannan karon tun kafin rubutun ya koma kore ina gaban ƙofa.

Kujeru biyar ne a jere, uku a gefe ɗaya biyu a ɗayan, ni na sami ta taga. A saman ƙofar tarago akwai allo mai nuna gudun jirgi, na ga yana hawa har ya kai kilomita 300 a awa, amma shayin da na ɗora a ɗan teburin gabana ko motsi bai yi ba. Kowane tarago da famfon ruwan zafi kyauta, shi ya rufa mini asiri, da gurasar da na saya wajen Musulmin Shawbe da dabinona. Muka ratsa duwatsu ta cikin rami bayan rami, kunnena yana toshewa yana buɗewa, muka fito gonakin shinkafa na lardin Hunan, muka karkata gabas ta Jiyanshi. Wajen awa bakwai. Na tuna tafiyarmu Legas a motar dare ina yarinya, yadda muke isa ƙafa a kumbure. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ɓare lemo ta ba ni rabi, na ba ta dabino uku, ta juya shi tana dubawa kafin ta ci.

Da aka ce Jinhuwa na miƙe. Na sauka Yiwu dare ya yi, ga sanyin da ban taho da shirinsa ba. Tashar tana wajen gari, mutane suka rabu biyu, wasu wajen bas wasu layin tasi. Na bi layin tasi, na ciro waya in nuna wa direba adireshin masaukin da Hajiya Babba ta turo mini. Na danna, na sake dannawa, caji ya ƙare.

Yadda na kwana a daren nan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.